Ƙasar da Gulbi Ya Tara

Ummaru, angona mai gudun cefane, kakarka na gaisuwa. Ya sanyin Ingila, ya karatun shari'a? Mu lafiya lau.

Faɗa mini: wa ya mutu tun ba a kafa Gwandu ba, amma ya raba gardamar gona a Kalgo?

Ƙasar nan da gulbi ya tara a bakin fadamata, Bawa maƙwabci ya ce tasa ce. Aka karanta wasiƙarka gaban maigari, da hukuncin da ka kwafo daga littafinka: abin da ruwa ya kawo sannu-sannu, na mai gaɓa ne. Maigari ya gamsu, Bawa ya janye. Na shuka shinkafa, amma mamaki bai sake ni ba. Mai wannan hukuncin bai taɓa ganin gulbinmu ba!

A yi mana addu'a, gai da abokanka.

Amsar tambayata: masanin shari'ar Rumawan dā ne, na cikin littafinka.