Na hau da maza rufi, Mero tana takaba

Ummu Kamal,

An sako mana ruwan noma a hawasha, gonarmu, dole na tafi kafin ki dawo daga garin Hasahisa da allurar sukarin Inna.

Na yi ɓarna. Masu sola sun zo da hantsi, su biyu. Sau nawa kika ce in aika gidan maƙwabciyarmu Mero kafin namiji ya hau mana rufi? Ɗoki ya sa na manta. Ni da hannuna na riƙe musu tsani. Suna miƙewa a sama sai ga tsakar gidanta fili, tana zaune kan tabarma ko mayafi babu, yau kwana ashirin da rasuwar mijinta Almu. Ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Wanta Nasir ya zo yana huci, ya ce babu mai sake hawa sai ta fita takaba. Na sauko da mutanen. An ɗaure allon sola biyu, biyu suna jingine a zaure, ba a haɗa waya ba. Talaja dai, firjin ajiye allurar, babu wuta. Ki naɗe allurar a jiƙaƙƙen tsumma, ki sa gindin randa kamar da.

Don Allah ki shiga wurinta yau, ni babu halin in gan ta. Kada ki yi mata zancen sola, ko na ciwon sukarin Inna. Haƙuri kawai za ki ba ta. Ki ce baƙin ba su san komai ba. Mai laifin shi ne wanda ya shekara talatin yana cin tuwo kwano ɗaya da mijinta.

Abdulmuttalib