Yatsun Mai Jan Taru

Wara, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar ɗiyata Halimatu. Ya Zariya, ya aikin asibiti? Inna da Baba suna lafiya, sai dai ciwon bayan Baba da kika sani.

Yaya, na gama shawara! Tattalin Arziki zan karanta, kuma a Legas. Zauna tukuna, kar ki ce komai.

Kin tuna tsofaffin jaridun da Inna ke naɗe kifin banda da su? Shekara uku ke nan ina zare shafukan kasuwanci kafin mai ya ɓata su. A nan na gamu da aikin da ake kira bankin zuba jari. Ba kashiya ba ne, don Allah ki gaya wa maigidanki, kar ya sake ce mini mai ƙirga kuɗin mutane. Su ne masu haɗa kamfanin da ke son girma da masu jarin da ba su san inda za su sa shi ba. Da na yi wa Baba bayani sai ya ce, “To, dillali ke nan mai kwat.” Raina ya ɓaci ƙwarai, don kusan ya yi daidai.

Ba da ka na zaɓa ba. Duk wanda jarida ta yi hira da shi a wannan aiki sai na rubuta abin da ya karanta a bayan littafina. Mutum goma sha tara na samu. Takwas Tattalin Arziki, biyar Akanta, sauran har da injiniya da lauya. Kwas ɗin da ke ɗauke da sunan banki, wanda kowa ke tura ni gare shi, mutum ɗaya tak! Na san za ki ce in zo Zariya in ci tuwonki. Na so, wallahi. Amma ofisoshin nan a Legas suke, kuma ɗalibin da ke kusa shi ke samun gurbin koyon aiki lokacin hutu.

Baba kuwa makarantar kifi ta Bussa yake so. Wai in je wani malami ya koya mini tarwaɗa! Jibi zan tafi Yelwa rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sahabi

Wara, 27 ga Janairu

Yaya Asama'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Halimatu, haƙoran sun fito? Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ba a yi mini rajista ba. Sai an ɗauki hoton yatsu goma, na'urar kuwa ta ƙi nawa. Zulai'atu, wadda ke zaune a kan na'urar, ta goge gilashi, ta sa na wanke hannu, ta danna, ta sake dannawa. Biyu kawai suka fito, ƙananan. Da ta juya tafina ta duba sai ta tambaye ni ko ɗan masunta ne ni. Igiyar taru ta cinye zanen yatsuna, Yaya, sun yi sumul kamar bayan cokali. Wani ɗan gayu a bayana ya ce in koma ruwa, kifi ba ya neman hoton yatsa. Na gaya masa abin da ba zan rubuta miki ba, har mai gadi ya raka ni waje.

Kwana ashirin ya rage a rufe. In ya wuce, sai baɗi, kuma baɗin ma da waɗannan yatsun zan je.

Da na dawo na faɗa wa Baba, sai ya ci gaba da ɗinkin komar kifinsa. Abin ya ƙona ni. Na ce masa ai burinsa ya cika, tun ina shekara tara yake goge mini yatsu don kar in tsere masa. Na faɗa, a gaban Inna. Washegari ya ɓace tun safe, bai dawo ba sai la'asar. Yana shigowa ya ce daga yau kar in sake taka jirginsa, kar in taɓa masa taru, ko igiyar rijiya kar in taɓa.

Kora ke nan! A tsakiyar kamu, lokacin da kifin ƙarfasa ke shigowa. Ya gwammace ya ja taru da Kawu Yusha'u, tsofaffi biyu, da ya ga fuskata. Inna kuma, maimakon ta ba shi baki, sai bi na take da man kaɗe tana cusa mini hannu cikin tsohuwar safa, safe da yamma, kamar amarya. Abokaina sun sa mini suna Lalle. To, ya riƙe jirginsa. Ni dai ina karatuna, da gwiwar hannu nake buɗe shafi.

Naki,
Sahabi

Wara, 13 ga Fabrairu

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida, a sumbace mini Halimatu. Kowa lafiya.

Sun fito! Goma cif! Yaya, da kin ga yadda akwatunan da ke fuskar na'urar ke komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsan dama ne ya ba mu tsoro, sai a karo na huɗu. Na yi ihu, mai gadin nan ya taso, da ya ga ni ne sai ya yi dariya. Takardar tana gabana: Tattalin Arziki, Legas. Na karanta ta ya fi sau talatin.

Amma ki ji. Zulai'atu na miƙo mini takardar sai ta ce ya jikin tsoho. Na ce wane tsoho? Ta ce wanda ya zo washegarin ranar da aka fitar da ni. Wai ya bi layin ɗalibai tun hantsi, da hularsa a hannu, har ya iso gabanta. Ba abin da ya kawo shi sai tambaya ɗaya: kwana nawa yatsa ke yi kafin zanensa ya dawo? Ta ce masa ita ba likita ba ce, amma a raba shi da igiya mako biyu, a yi ta shafa mai, a gani. Ya sa ta maimaita. Ya yi godiya ya tafi.

Mako uku ina kumbura ina kiran abin kora, shi kuwa yana jan taru da wannan bayan.

Da na iso gida na same shi kwance a tabarma, Inna na gasa masa baya. Na shirya jawabi tun daga Yelwa, kin san ni. Na durƙusa, na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta a juye, ya tambaya ko Legas ɗin aka rubuta ko Bussa. Na ce Legas. Ya ce an ce can ma akwai ruwa, in dillancin ya ƙi ba zan kwana da yunwa ba. Sannan ya ware tafinsa kusa da nawa. Yaya, ban taɓa duba hannun Baba ba. Babu zane ko ɗaya. Ya ce, “Nau sun tahi tun ba a haife ka ba. Naka munka tsamo.”

Jawabin nan ban san inda ya shiga ba.

Ya hana ni jirgi har sai an yi jarrabawa, don ranar ma sai an danna yatsa. Lalle dai nake har yanzu, kuma ina amsawa. Ki aiko da maganin shafawan nan na baya ta hannun direban Kwantagora, da duk littafin lissafin da kika samu.

Ƙaninki mai yatsu goma,
Sahabi