Mu Uku a Bakin Kabarin Ishaku

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Saratu da yara. Yaya jikin Mama? Yaya kuka ji da kulle?

Ranar Talata aka binne Ishaku. Saboda korona, mu uku kawai aka bari: ni da fasto da abokin karatunsa. Ko fuskar mijina ban gani ba. A rufe aka kawo akwatin, ma'aikata suka saukar da shi muna tsaye daga nesa.

A nan na tuna abin da ka taɓa koya mana a zumuntar matasa, cewa Yahudawa ba sa yin addu'ar mamaci sai mutum goma sun taru, domin a wurinsu mutum shi kaɗai bai cika ba, Allah da jama'a ne ke cika shi. Dariya na yi maka lokacin, na ce ai Allah ba ya ƙirga kawuna. Yaya, ranar Talata da kaina na ƙirga.

Yanzu ina ɗaki a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje inda Ishaku ya zo karatu, babu jirgin dawowa gida. 'Yan coci kan rataye mini abinci a ƙofa, su tafi kafin in buɗe. In na durƙusa, bakina ba ya buɗuwa.

Ka gaishe da Mama da mutanen gida. Don Allah ka tara mutum goma ku yi wa Ishaku addu'a. Kada ku ƙirga da ni, yanzu ko ɗaya ban cika ba.

Ƙanwarka,
Rifkatu