Cukun da Ba Mu Ce Ya Isa Ba

Toowoomba, ranar Lahadi

Ya ke Unaisi, uwar Sereana, ruwan kwakwar da ake sha bayan an tashi daga gonar rogo, iskar teku mai korar sauro, furen bayan kunne da bai san yaushi ba! Na so in ce ke ce farin wata, amma shekara huɗu ke nan ina tsaye a ɗakin sanyi na mayanka ina raba naman sa da ƙashinsa, har na manta kamannin abubuwan da ke sama. Ki yi haƙuri da kwakwa da iska. Su ne na tabbata da su.

Mako uku ba ki ɗaga wayata ba. Na kira, na kira, har Apenisa da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Tsoho, bar wayar nan ta huta mana, ko shanun da muke yankawa ana ba su ruwa." Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda dai ba ta da wurin kashewa.

Na san mafarin abin. Manaja ya miƙo min takardar ƙarin shekara huɗu, ya ba ni zuwa Juma'ar nan da za mu shiga in sa hannu. Na tambaye ki me kika gani, kika ce, "Kai ka sani, baban Sereana." Daga nan shiru. Sai a bakin 'yarmu na ji kin naɗe tabarmarki kin koma gidan yayanki. Kai ka sani! Da na sani, ai da ban tambaya ba.

Kin tuna gidan taliyar nan da na kai ki bara, lokacin da kika zo min mako biyu? Wanda ke da reshe a kowane gari, ko'ina da hoton tsohuwa ɗaya tana murza ƙullu, da inabin roba a rataye ya sha ƙura. Sun ce na Italiyawa ne. Har yau ban ga Ba'italiye ko ɗaya a ciki ba, mai dafa abincin ma daga Nepal yake, amma burodinsu mai tafarnuwa ba laifi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kin sa rigarki ta coci mai furanni, kin zauna a gabana kamar safiyar da teku ta kwanta, kina riƙe da takardar jerin abinci da hannu biyu kamar littafin waƙoƙin yabo.

Sai Noelene ta zo, matar nan mai furfura da ke kai abinci, wadda ke ce wa kowa "masoyi", har da 'yan sanda. Ta ajiye miki taliya da miyar tumatir, ta ɗaga dunƙulen cuku da ƙarfen gogawa ta ce, "In ya isa ki faɗa, masoyiya." Ta fara gogawa. Muka dubi juna. A ƙauyenmu wa ya taɓa riƙe hannun mai zuba masa abinci? Mai bayarwa ne yake tsayawa da kansa, kai kuma ka yi godiya. Cuku ya rufe taliya. Ya rufe miya. Ya fara gangarowa kan tebur. Noelene ta sauya hannu. Kika raɗa min, "Kai ne namiji, yi magana." Na ce, "Farantinki ne." Noelene ta ce, "Jama'a, hannun nan fa na mutum ne." Muka yi mata murmushi. Ba ta tsaya ba sai da cukun ya ƙare ƙaf. Kika gode mata sau uku, kika cinye tas, don barin abinci ma abin kunya ne. Da muka fito kika riƙe sandar fitilar titi kina dariya har da hawaye, mutane na kewaye mu. Kwana biyu kina shan ruwa kamar gonar gwaza.

Wannan dariyar nake nema, ya sanyin idona, ya ruwan farko bayan fari! Ina kika ajiye ta? Ta bi ki gidan yayanki ne, ko ta mutu a nan bakin titi ban lura ba?

Yau da aka tashi coci na koma can ni kaɗai. Teburinmu na nan, inabin bai nuna ba har yanzu. Na zauna ina jiran abinci ina ƙullace da ke, ba zan ɓoye ba. Guguwa ta kwashe mana rufi, na zo nan don rufi. Aka yi rufi, kika ce an gode. Na aika tankin ruwa, kika ce an gode. Injin kwalekwale, an gode. Ko sau ɗaya ba ki ce, baban Sereana, dawo gida ba. Na ɗauka daɗin abin kike ji. Yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa saboda sanyi, ban ga ranar da Sereana ta gama makaranta ba, an binne kawuna ina kallo ta waya, ke kuwa sai godiya!

Amma ni ba azzalumi ba ne, kuma taliyar ta daɗe ba ta zo ba, sai na samu lokacin tunani. Ni ne mai gogawa, Unaisi. Na tsaya a kanki shekara huɗu ina zubawa ina jiran ki ce ya isa, alhali na fi kowa sanin uwar da ta haife ki ba ta koya miki wannan kalmar ba. Ni ma ba a koya min ba. Manaja ya miƙo takarda na karɓa da hannu biyu har da rusunawa.

Noelene ta iso da cuku da ƙarfen gogawa. Ta goga sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na ce, "Ya isa." Ta tsaya cak ta ce, "Lallai! Ashe kana da baki. Ina matar nan mai dariya?" Na ce tana gida. Ta ce, "To me kake yi a nan kai kaɗai, masoyi? Taliyar tamu ba ta kai haka daɗi ba." Gaskiyarta. Na ci, kuma a karon farko na ga kalar abin da nake ci. Rufin gidan bai faɗo ba, ba wanda ya ce iyayena ba su yi tarbiyya ba.

Ga takardar manaja nan cikin ambulan ɗin, ba sa hannu. Juma'a za ta same ta a hanyar tsibirinmu Kadavu. Ki hura wuta da ita. Aikina zai ƙare ƙarshen watan gobe, zan shigo jirgin ruwan Talata. Ba na roƙon ki zo bakin gaɓa, na san mata za su sa ido. Tabarmar kawai nake roƙo ki mayar inda take. Ki dafa rogo da kifi da madarar kwakwa, ki zuba min, ki yi ta zubawa. Na koyi kalmar nan da tsufana, zan faɗa wa manaja, zan faɗa wa duk mai ƙarfen goga cuku a ƙasar nan, amma a gabanki ba za ki taɓa jin ta daga bakina ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da inabin roban nan zai nuna,

Waisake