Duwatsun da Ya Jera da Hannunsa

Malama, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, na aure da na rashin lafiya, ni kuwa maganar kifi ce ta kawo ni. Karatuna bai yi nisa ba, in kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka bakina ya koma tun da aka yi mini rasuwa.

Maigidana ya rasu bara. Mai gyaran firji ne. Wani otal da yake yi wa aiki ya tashi rufewa, suka ba shi wani ƙaton akwatin gilashi na kiwon kifin ado, tsawonsa ya kusa kai doguwar kujerarmu. Ranar da aka shigo da shi falo sai da aka cire ƙyauren ƙofa. Na yi faɗa, na ce mutum da hankalinsa ya ɗauko teku ya kawo gidan haya. Don kifayen nasa ba na kogi ba ne, na ruwan gishiri ne, gishirin ma ba na miya ba, wani ne na musamman da ake aunawa a dama. Ya yi dariya ya ce tunda bai taɓa samun halin kai ni bakin teku ba, ga shi ya kawo mini har ɗaki.

In ya dawo aiki sai ya wanke hannu tas saboda baƙin mai, ya ja kujera ya zauna gabansu kamar mai kallon talabijin. A ciki akwai duwatsun teku masu ramuka da ya tara a hankali. Abin da ya fi haɗa ni da shi ke nan. Duk ranar da ya sayo sabon kifi sai ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya tsunduma hannu yana ta juya duwatsun nan, na dama ya koma hagu, na ƙasa ya hau sama, ruwa yana ɗiga a kan dardumata. Har yau farin tabon gishirin yana nan, ban wanke ba. Nakan ce masa kai dai ko dutse ba ka bari ya huta. Sai ya yi murmushi kawai ya ci gaba.

Kowane kifi da sunansa. Akwai wani ɗan shuɗi mai rawayar jela, bai fi babban yatsana ba, shi ne na farko da ya saya. Ya sa masa Maigadi, don kullum yana bakin raminsa yana zare ido. Akwai babba mai fāɗi kamar tafin hannu, shi ne Alƙali, in ya gifta kowa sai ya shiga taitayinsa. Sai wata 'yar ƙarama mai ruwan lemo da fararen layuka, ya ce tawa ce, ya sa mata 'Yar Lele. Wai tafiyarmu ɗaya, muna yi muna rangaji. Ita kaɗai ce ke zuwa ta ci abinci a bakin yatsana.

Lokacin da gida ya cika da masu ta'aziyya, wani ya zare filogin injin da ke juya ruwan ya sa cajin waya. Ban ga laifin kowa ba, ni kaina ban san inda kaina yake ba. Da aka farga, Alƙali ya riga ya kwanta a ƙasa. Sauran suka sha da kyar.

Tun daga nan Maigadi ya zama wani abu daban. Dā raminsa kawai yake tsaro, yanzu akwatin gaba ɗaya nasa ne. Ya kori wannan, ya ciji wancan, ko hannu na sa zan goge gilashi sai ya kawo mini cafka. Na ce a raina ko maraici ne ke damunsa, don ni ma na san yadda yake sa mutum ya ƙi kowa. Sai na je na sayo masa ɗan'uwa, shuɗi irinsa sak, don ya samu abokin hira. Bai yi mako ba na tsame gawarsa. Na sake sayo wani mai launi daban don adadinsu ya koma yadda marigayi ya bari, shi ma haka. Na binne su a tukunyar fure, na rasa wanda zan gaya wa.

Yanzu ya juya kan 'Yar Lele. Jelarta duk ta yayyage kamar tsumma. Ta maƙale a sama can bayan bututun injin, ba ta saukowa, in na zuba abinci tana gani ba ta isa ta matso ba. Cikinta ya shafe. In na kai yatsa sai ta dube ni kawai.

Na koma wurin mai shagon da na sayo kifayen. Ya ce ko dai a fitar da Maigadi, ko a rushe duwatsun a sake jera su. Na gwada kama shi da 'yar ragar da marigayi ya bari, da ya ga inuwarta sai ya shige rami. Ba ya kamuwa sai an ɗaga duwatsun. To Malama, nan ne gizo ke saƙa. Duwatsun nan yadda suke, haka ya jera su da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Kayansa an raba, akwatin aikinsa ƙanensa ya ɗauka, ko ƙamshinsa ya bar matashin kai. Wannan kaɗai ya rage da yake zaune yadda ya ajiye shi. Na naɗe hannun riga na tsaya a gaban akwatin ban san iyaka ba, sai in kasa.

Babban ɗana ya ce in sayar da komai in huta, wai ina ƙarar da kaina a kan abin da ko miya ba zai yi ba. 'Yata kuma ta rage kawo jikokina tun ranar da na daka wa ƙaramin tsawa don ya buga gilashi. Ta ce falon ya zama kamar ɗakin da aka hana shiga.

In na bar duwatsun, 'Yar Lele za ta mutu ina kallo. In na taɓa su, ji nake kamar na sake binne shi. Ki faɗa mini abin da zan yi, ko da mai ɗaci ne.

Wadda aka bar wa kifaye

*

Mama, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Ban yi dariya ba, kuma babu abin dariya a wasiƙarki.

Mu fara da abin da ba ya jira. Yau ɗin nan ki samo roba mai murfi, sabuwa wadda sabulu bai taɓa shiga ba, a huda ta ko'ina yadda ruwa zai ratsa, ki sa 'Yar Lele a ciki, ki maƙale ta daga sama a cikin akwatin. Ruwanta bai canja ba, Maigadi kuma ba zai kai gare ta ba. Ki riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan, ki kwashe abin da ta bari. Ki kai wa mai shagon ɗan ruwan a kwalba ya auna miki, domin rauni ba ya warkewa a gurɓataccen ruwa. Kuma ki dakata da sayen kifi.

Maigadi ba mugu ba ne, ba kuma maraici ke damunsa ba. Irinsa haka Allah ya yi su, masu tsaron wuri ne. Alƙali ne ke taka masa burki, da ya mutu sai fili ya zama nasa. Wanda ya fi tsana kuwa shi ne mai kama da shi, don yana ganin raminsa ya zo ƙwacewa. Kin saya masa ɗan'uwa da zuciya ɗaya, ba ki sani ba, kada ki ɗora wa kanki wannan.

Ɗanki bai iya magana ba, amma tsoro ne ya sa shi faɗin haka, yana ganin mahaifiyarsa tana ramewa a gaban gilashi. Ban ce ki sayar ba. Sai dai roba mafaka ce ta ɗan lokaci, 'Yar Lele ba za ta ƙare rayuwarta a ciki ba. Mai shagon ya faɗa miki gaskiya, sai an taɓa duwatsun.

Ki sake karanta wasiƙarki, Mama, amsar tana ciki. Kin ce duk ranar da marigayi ya kawo sabon kifi sai ya juya duwatsu. Ba rashin aikin yi ba ne. Da dutse kifi yake gane iyakar gidansa. In aka sauya jerin, kowa ya zama baƙo, mai faɗa ya shagala da neman sabon rami, sabon zuwa ya samu wurin fakewa. Sulhu yake yi musu, ke kina ganin ɓarnar darduma. Jerin da kike gadi ba shi ne wanda ya zaɓa ya zauna har abada ba, shi ne dai inda ciwo ya tsayar da shi. Da yana nan, ranar da Alƙali ya mutu zai naɗe hannun riga.

Ki ɗauki hoton akwatin ta kowane gefe ki adana. Sannan ki kira ɗanki, aikin na mutum biyu ne. Ku ɗebi ruwan akwatin a bokiti mai tsabta ku sa duwatsun a ciki, kada su bushe, kada a wanke su da ruwan famfo, akwai ƙananan halittu a jikinsu da ke tsabtace ruwan. Ku kama Maigadi ku ajiye shi a wani ƙaramin akwati mai injinsa na kamar mako biyu, mai shagon zai iya ara muku ko ya riƙe shi. Ku jera duwatsun tsibi biyu da fili a tsakani, da ramuka da yawa, yadda na wannan gefe ba zai riƙa hango na wancan ba. In 'Yar Lele ta warke ki sake ta ta zaɓi wurinta, Maigadi ya dawo a ƙarshe, ki riƙa zuba abinci a gefe biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci duk da haka irinsa ba ya saduda. In ya koma halinsa, ƙaramin akwatin ya zama gidansa, kusa da babban, inda za ki riƙa ganinsa. Kuma mai yiwuwa 'Yar Lele ta riga ta galabaita. Ba na iya yi miki alkawarin za ta tashi, amma a bayan bututun nan ba ta da wata dama ko kaɗan.

Za ki yi kuka ranar, ki yi abinki. In an gama, ki aika a kawo jikokin, ki nuna wa ƙaramin yadda ake miƙa yatsa a hankali. Ruwa kuma zai ɗiga a dardumar, ki bar shi ya bushe kusa da na dā.

Allah ya ba 'Yar Lele lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya sa hannunki ya yi albarka kamar nasa.