Lakar da Ka Ɗora a Bayan Lasifika

Baban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da shago. Yaya ciwon bayan? Mu muna gidan Yaya, yara lafiya lau, ni ce dai ba lau ba.

Jiya na gama auna lakar. Ka san wadda nake nufi, 'yan akwatunan robar da na kawo gida ranar da firjin ɗakin gwajinmu ya mutu. Daga ƙarƙashin teku aka haƙo ta. Sau nawa na yi maka bayani kana gyaɗa kai? Ƙwayoyin ƙarfen cikinta, sa'ad da suke kwantawa, kowace ta fuskanci arewar zamaninta kamar allurar kamfas, laka ta danne ta a haka. Yawansu kuma ke gaya mana yaushe duniya ta yi sanyi, yaushe ta yi zafi. Akwatunan nawa suna riƙe da lokacin da allura ta bar nuna kudu ta koma arewa, shekaru wajen dubu ɗari takwas baya. Yanzu duk sun juya, lasifikarka kaɗai suka sani.

Ka ce ruwan sanyi kake nema wa wuri, shi ya sa ka fitar da su daga firjin gida ka jibga a bayan ƙatuwar lasifikar da kake gyarawa a falo. Wallahi na so in yarda. Amma ba kai ne ke daka wa mutane tsawa in sun matso da katin banki kusa da maganaɗisun lasifika ba? Kai da rashin sani? Raina wa wata hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tun da ka ji in aikin ya yi kyau za a sake kirana jirgin ruwan da ke haƙo lakar, ka daina yi min dariya.

Haushinka nake ji, kamar in mutu. Farfesar da ke duba aikina ko faɗa ba ta yi ba. Cewa ta yi babu laka babu digiri, sai an haƙo wata, kuma ni zan je. Waccan tafiyar da kake gudu ta 'yan makonni ce, wannan kuwa har hutun yara zai wuce ban dawo ba. Na riga na sa hannu.

Yaya ce za ta riƙe yaran. Ka gaishe da Mama, ka gaya mata dalili da bakinka.

Matarka,
Maman yara