Goran Kofi a Gidan Kawu

Lahadi da dare, Maris 1955

Har yanzu murna ba ta sake ni ba. Kofi da Kwame, abokan aikina kafintoci daga Anloga, sun zo cin tuwo gidan kawuna, inda nake zaune. A wurinsu baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, sai ga Kofi da goran bammi, ga Kawu Malam zaune a tsakar gida. Na ce a raina yau za a kore ni daga gidan.

Kawu ya dubi goran ya ce, "'Ya'yana, ku sha naku waje gindin mangwaro. Amma tuwo, akushi ɗaya za mu ci."

Muka ci muna gumi muna dariya. Da za su tafi, Kawu ya sa aka wanke goran, ya cika musu shi da fura.